Tsohuwar Ganuwa a Bakin Ruwan Manhattan

Wanda ya yi alkawarin zai tarbe ni a filin jirgi bai zo ba. Wani ɗan'uwan mijin yayata ne, irin zumuncin nan da sai an zauna an warware shi kafin a gane inda aka haɗu. Na zauna a kan akwatina tun hantsi har la'asar ina buga lambarsa, muryar wata Baturiya tana amsa mini da magana ɗaya tak, ba ta ƙarawa ba ta ragewa. Sunana Ramatu. Daga Lakwaja na fito, inda na yi shekara tara ina koyar da tarihi a sakandaren 'yan mata kafin cacar bizar Amurka ta faɗo a kaina. A ranar nan kuwa, duk tarihin da na sani bai nuna mini ko ƙofar da zan bi in fita daga ginin ba.

Ina nan ina share hawaye da bakin mayafi, sai wata mata mai jiki ta tsaya kusa da ni tana fama da jakunkuna a kan amalanke. Ɗaya ta zame ta faɗi. Na ce, "Subhanallahi," na miƙe na ɗauko mata. Ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Kai Bahaushe ne?"

Na ce mata e, Bahaushiya ce. Daga baya na gane haka Hausar Zangon Kumasi take, mace da namiji duk "kai" ne a wurinsu.

"To me kana yi nan kana kuka? Wa ya mutu?"

Na ba ta labari a gurguje. Ta saurara, ta yi tsaki.

"Mutumin nan ba za ya zo ba. Tashi ka riƙe min jaka biyu. Gida akwai wuri."

Wannan ita ce Mma Salamatu. Ta fi shekara ashirin a New York tana aikin kula da tsofaffi a gidajensu, ranar ta dawo ne daga ganin gida. Ba ta tambaye ni ko 'yar wane ce ni ba. Mutumin da ya yi mini alkawari kuwa, har yau ban sa shi a idona ba, kuma na daɗe da yafe masa.

A Highbridge take zaune, cikin Bronx, a hawa na biyar na wani tsohon bene. Unguwar tudu ce da gangare. Kafin ka kai ƙofar ginin ka hau tudu, kafin ka kai ɗaki ka hau matakala, kana isa sai ka nemi inda za ka zube. Ta ba ni ɗan ɗakin da 'yarta ta bari da ta yi aure. Na zo ne ana shiga sanyi, wanda a da nake jin labarinsa ina tsammanin na gane. Ban gane ba. Safiyar farko da na fita sayen burodi, sai da na tsaya na taɓa kunnuwana in tabbatar suna nan. Kewar gida ta kan zo mini ne da abin da ban zata ba. Wata rana ƙamshin soyayyen kifi ya fito daga ɗakin maƙwabta, na tsaya a matakala na kasa gaba na kasa baya, ina tuna matan bakin kogi na garinmu da tirensu a ka. Mma ta same ni a haka. Washegari dai na tarar da kifi a tukunya, da yaji irin nasu mai sa mutum gumi ko a cikin ƙanƙara.

Aikin farko da ta samo mini, kitso ne a shagon wata ƙawarta kusa da Fordham Road. Ni da kitso kuwa, ko kan 'yar yayata ban taɓa gamawa ba tare da an warware an sake ba. Na yi sati biyu. A ranar ƙarshe wata kwastoma ta yi barci a hannuna ta farka, ta sake yin wani ta farka, ta shafa kanta ta ji ko rabi ban kai ba. Mai shagon ta karɓi kan ta ƙarasa, bayan matar ta fita ta dube ni tana danne dariya.

"Malama, hannun nan naki na alli ne. Don Allah ki bar gashin mutane ya huta."

Duk shagon aka fashe da dariya, har da ni. Ta zuba mini shinkafa da wake a roba, ta rako ni har bakin titi.

Daga nan sai Malam Isufu ya shigo labarin. Mutumin Maraɗi ne, mai surka Hausarsa da Faransanci, mijin wata 'yar ƙungiyar mata ta su Mma, yana da teburin sayar da huluna da tabarau a can ƙarshen Manhattan ta kudu, wurin da ake kira Battery, inda 'yan yawon buɗe ido suke taruwa su hau jirgin ruwa. Ya ce akwai masu neman 'yan sayar da tikiti.

"Bon, Malama, aikin tsayuwa ne daga safe har yamma. Amma kina da Turanci, kuma kin saba yi wa mutane magana. Sai dai ki buɗe idonki."

Ban tambaye shi abin da yake nufi da buɗe ido ba. Aka ba ni jar falmaran da wani allo mai hoton mutum-mutumin nan na mace mai riƙe da fitila, wanda ke tsaye a kan tsibiri. Ogan namu ya koya mini abin da zan faɗa: jirginmu yana zuwa wurin mutum-mutumin, babu layi, babu jira. Na haddace. Na dinga faɗa da zuciya ɗaya, mutane suna saya, ni kuma ina murna na samu abin da na iya.

A cikin sati na uku wani tsoho da matarsa suka sayi tikiti a hannuna. Ya gaya mini mahaifiyarsa ta wannan ruwan ta shigo ƙasar tana yarinya, kuma ya daɗe yana so ya taka tsibirin da ƙafarsa kafin ƙafar ta ƙi shi. Bayan azahar sai ga su sun dawo. Ba su ɗaga murya ba. Matar ce ta tsaya a gabana ta ce jirgin bai tsaya a tsibirin ba, kewayawa kawai ya yi daga nesa ya dawo, kuma yau da yamma za su bar garin.

"Kin san haka lokacin da kika sayar mana?"

Na ce wallahi ban sani ba. Ta dube ni na ɗan lokaci, ta kama hannun mijinta suka tafi. Ban san ko ta yarda ba. Na je wurin oga, ya ɗaga kafaɗa ya ce ai ba mu ce zai tsaya ba, cewa muka yi yana zuwa wurin. Na koma teburin Malam Isufu na zauna a kan kwalinsa.

"Malam, ka sani?"

Ya sunkuyar da kai yana jera tabarau. "Na sani, Malama. Na ji nauyin in faɗa miki ne, kina buƙatar aikin. Ki yi haƙuri, ban kyauta ba."

Tun daga ranar, duk wanda ya tsaya a gabana sai in gaya masa gaskiya: jirgin nan kewayawa yake, ba ya tsayawa, in kana son taka tsibiri ga inda ake sayar da nasu tikitin can. Wasu sukan saya duk da haka, da yawa kuwa su yi godiya su wuce. Oga bai kore ni ba, don yana da ƙarancin ma'aikata. Sai ya ɗauke ni daga bakin ruwa ya kai ni wani lungu da babu mai so, gaban wani ƙaton gini na dutse wanda da can ofishin kwastam ne, yanzu gidan tarihi. Nan iska take kaɗawa tsakanin dogayen benaye kamar an aiko ta. Ya yi ne don ya hore ni. Bai san alheri ya yi mini ba.

Kullum da misalin ƙarfe goma, wata dattijuwa baƙar fata 'yar Amurka takan zo da ayarin mutane a bayanta, ta tsaya daidai inda nake, ta buga sandar lemarta a ƙasa. Siririya ce, gashinta fari fat, muryarta kuwa ta fi jikinta girma. Sai ta ce musu su dubi ƙasan ƙafafunsu. Ta ce a nan garin nan duka ya fara, a nan Turawan Holan suka gina sansaninsu na farko mai ganuwa, kusan shekara ɗari huɗu da suka wuce, lokacin duk abin da ke arewa da nan daji ne da gonakin mutanen ƙasar na asali. Ni kuwa sai in sauke allona in kasa kunne. Rana ta farko na ji rabi. Rana ta biyu na matsa. Kafin sati ya ƙare na san inda za ta tsaya ta ja numfashi, na san inda mutane za su yi dariya.

Wurin dariyar kuwa labarin aladu ne. Ashe ganuwar ta ƙasa ce aka tara, ba dutse ba, kuma aladun mutanen gari sake suke yawo, suna tone ta da hanci suna neman saiwa. Gwamna ya yi ta kafa doka, aladu suna ta rushe masa ganuwa. Ranar da na fara jin wannan, dariya ta ƙwace mini har ayarin suka waiwayo.

Wata rana bayan ta sallami mutanenta, ta dawo ta wajen ita kaɗai. Na yi ƙarfin hali na tare ta.

"Madam, ki yi haƙuri, ina da tambaya. Me ya sa suka zaɓi nan? Ai ƙasar nan faɗi gare ta."

Ta dubi falmaran ɗina, ta dubi fuskata. "Ke me kike gani?"

Na ce ina ganin saboda ruwa ne. Kogi ɗaya yana gangarowa ta yamma, wani ruwan ta gabas, su haɗu a nan su fita teku. Wanda ya zauna a wannan tsinin, duk kwalekwalen da ya sauko da kaya daga cikin ƙasa sai ya wuce ta gaban bindigarsa, duk jirgin da ya shigo daga teku ma haka. Na ce mata a garinmu ma haka aka yi. Kwara da Binuwai a gabanmu suke haɗuwa, kana tsaye a kan dutse kana ganin launin ruwan biyu kafin su gauraya, kuma a can Turawan Ingila suka fara kafa wurin ciniki da 'yan bindigarsu, daga can suka yi ta hawa arewa. Na ce 'yan kasuwa ne suke fara zuwa, soja ya biyo baya ya tsare musu kaya.

Sai ta ce, "Wa ya koya miki wannan?"

"Ni nake koyar da shi. Shekara tara."

"To me kike yi da wannan allon a hannunki?"

Na sauke allon ƙasa. Ta ce sunanta Loreta, ta yi aikin koyarwa ita ma har ta yi ritaya, yanzu ja-gorar 'yan yawon buɗe ido ce. Ta ce aikin yana da lasisi, sai an ci jarrabawar hukumar gari, kuma babu inda aka rubuta cewa mai mayafi ba za ta zauna jarrabawar ba. Washegari ta zo mini da littattafai uku a jakar leda, duk ta ja layi a cikinsu da jan biro.

Watannin da suka biyo baya suna cikin mafi daɗin da na yi a rayuwata, duk da sanyi, duk da ƙafafuna da suke kumbura. Ina karatu a cikin jirgin ƙasa tun daga Bronx har ƙarshen layi. Da rana, in ta sallami ayarinta, Madam Loreta takan saya mana shayi mu zauna a benci ta yi ta yi mini tambayoyi. A nan na san cewa fatar wata dabbar ruwa mai laushin gashi, wadda ake yin hula da ita a Turai, ita ce ta kawo Turawan Holan tun farko. Na san yadda jiragen yaƙin Ingila huɗu suka zo suka tsaya a bakin ruwa, gwamnan Holan mai ƙafar katako ya rantse sai ya yi faɗa, mutanen gari suka dubi ganuwar da ta zube da albarushin da bai taka kara ya karya ba, suka rubuta masa takardar roƙo ya sallama, har da ɗansa na cikinsa a masu sa hannu. Aka ba da gari ba a harba ko harsashi ɗaya ba. Na san sansanin ya yi ta canza suna, duk sarkin da ya hau a sa masa nasa, har aka rushe shi bayan ƙasar ta sami 'yancin kai, aka zuba ɓaraguzansa a ruwa don a ƙara faɗin gari.

Ina komawa gida in mayar wa Mma duk abin da na koya, tana yankan albasa tana saurare. Ita labarin gwamnan ya fi burge ta.

"Ƙafa ɗaya gare shi kuma yana son faɗa? Maza ke nan. Ko'ina haka suke."

Na shiga jarrabawar da ƙarfin gwiwa, na fito jiki a sanyaye. Na faɗi. Ni na zauna ne na san lungu ɗaya kamar tafin hannuna, su kuwa garin duka suka tambaya: gadoji, layukan jirgin ƙasa, unguwannin da ban taɓa takawa ba. Na kira Madam Loreta ina jin kunya kamar ɗalibar da ta ba malamarta kunya a gaban baƙi. Ta ce ita ma laifinta ne, ta biye wa abin da muke so mu biyu. Ta ce daga yau littafi ya huta, in fita in ga garin da idona.

Haka na yi. Duk ranar hutuna sai in ɗauki layin jirgi ɗaya in bi shi har inda ya ƙare, in sauka in yi tafiya da ƙafa. Na ɓace ba sau ɗaya ba. Wata rana a Queens na shiga bas ɗin da ya yi gaba da ni maimakon baya, direbar ta ga ina ta leƙen taga ina juya taswira, ta tsayar da wani bas da hannu ta ce wa abokin aikinta ya sauke ni a tashar jirgi. Wani mai shago ɗan ƙasar Yaman a Brooklyn ya shimfiɗa mini kwali a bayan kantarsa na yi sallar la'asar. Garin da na ɗauka babu mai kallon wani, ashe in ka tsaya ka yi tambaya, akwai mai amsawa.

Malam Isufu, wanda tun ranar tsofaffin nan yake neman hanyar da zai wanke kansa a wurina, ya ce saura yankinsu. A Stapleton yake zaune, cikin Staten Island, kuma jirgin ruwan da ke kai mutane can kyauta ne. Wata Lahadi ya ce in zo in gaisa da iyalinsa. Da jirgin ya tashi, ya ce kada in zauna, in zo baya in tsaya. Na tsaya na riƙe ƙarfe. Gari ya fara ja da baya, sai ga abin da na yi wata da watanni ina karantawa ya buɗe a gabana. Ga Kogin Hudson ta hagu, mai faɗi, yana saukowa daga arewa. Ga wanda suke kira Kogin Gabas ta dama, wanda a gaskiya ba kogi ba ne, ruwan gishiri ne da yake shiga yana fita da cikar teku. Ga tsinin ƙasar a tsakiyarsu. Ga wata ganuwar jan dutse mai zagaye a bakin ruwa, wadda aka gina daga baya, ga kuma wani tsibiri kusa da mu da nasa sansanin. Duk wanda zai shigo, sai ya bi ta tsakaninsu.

Na ce, "Malam, ka gani? Ka ga dalilin?"

Ya ce shi shekara goma sha biyu yana hawa jirgin nan safe da yamma, bai taɓa ganin komai ba sai ruwa. Na yi ta nuna masa ina bayani, ban san muryata ta tashi ba sai da na ga mutane uku sun matso suna kallon inda yatsana yake nunawa, alhali da Hausa nake magana. Malam Isufu ya yi dariya.

"Voilà. Malama ta dawo aji."

A karo na biyu na ci. Da sakamakon ya fito a fuskar kwamfuta, na karanta shi sau uku, na fita waje na rasa wanda zan fara kira. Na kira Mma tana wurin aiki, ta yi guɗa a cikin wayar har na ji tsohuwar da take kula da ita tana tambayar ko lafiya. Washegari na ninke jar falmaran na kai wa oga, na yi masa godiya, don ta wata fuskar ya cancanta.

Lasisi a hannu, amma babu wanda ya san ni. Kamfanoni biyu da na je sun ce za su kira. Mma ce ta ce ba za mu zauna jira ba.

"Mutanenmu fa? Wa ya taɓa kai su yawo da harshensu? Ranar Lahadi za mu zo. Ka shirya."

Na zaci mutum biyar ko shida za ta kawo. Lokacin zafi ne, rana ta fito tas. Ina tsaye a gaban tsohon ginin kwastam sai na ga suna fitowa daga ramin jirgin ƙasa kamar masu zuwa biki: matan ƙungiya da atamfofinsu da kulolin abinci, 'yan Nijar masu tebur da manyan riguna, yara suna gudu a tsakani, ana yi musu magana da Hausa suna amsawa da Turanci. Malam Isufu ya rufe teburinsa, abin da matarsa ta ce ko ranar da ta haihu bai yi ba. Madam Loreta ma ta zo, ta tsaya a baya, ta ce ba ta jin ko kalma ɗaya amma ba za a yi babu ita ba.

Na yi bismillah na fara. Na ce musu inda suke tsaye sansanin soja ne a da, mai kusurwa huɗu, da coci a ciki, da gidan gwamna. Ban yi nisa ba wani dattijo mai farin gemu ya ɗaga sandarsa. Alhaji Bello ne, Basakkwace, ya yi shekaru yana tuƙi a wani ofishin jakadanci kafin ya huta.

"'Yata, dakata. Wannan da kike faɗi, a bakin iyaka yake, ko? Bayansa daji, gabansa abokan gaba, mutane suna noma suna ciniki a gindinsa?"

Na ce haka ne, Baba.

"To ai ribaɗi ke nan. Mu ma muna da su. Kakana a irinsa aka haife shi."

Nan fa gardama ta tashi. Matan Gana suka ce a'a, irin gidajen dutsen nan ne na bakin tekunsu. Wani ɗan Damagaram ya ce birni dai birni ne, in akwai ganuwa da ƙofa an gama magana. Na bar su suka yi mai isarsu, raina fari ƙal, domin rabon da in ga aji ya kama wuta haka tun ina gida. Da suka lafa na ci gaba, muka zagaya ginin, muka bi ta inda bakin ruwa yake a da, wanda yanzu titi ne da motoci.

A kusurwar ƙarshe na tsaya na gaya musu abin da na ajiye. Na ce hannuwan da suka haƙa ƙasar nan suka tara ganuwar, da yawansu hannuwan 'yan Afirka ne, bayi da aka kawo tun garin bai wuce 'yan bukkoki ba. Su suka sare itace, suka ƙona farar ƙasa, suka share hanyoyi. A takardun Turawan, sunan ƙasar da aka ɗauko mutum shi ne sunan mahaifinsa: wane na Angola, wane na Kwango. Wasunsu sun yi ta kai ƙara har aka sassauta musu, aka ba su gonaki a bayan gari. Na ce saboda haka duk wanda ya ce muku jiya muka zo garin nan, ku gaya masa tun ana aza harsashinsa akwai baƙar fata a wurin.

Alhaji Bello ya miƙa wa na kusa da shi sandarsa, ya ɗaga hannuwa.

"Ba mu san sunayensu na gaskiya ba, Allah ya sani. Wahalar da suka sha a nan, Allah ya sa ta zame musu hutu. Mu da muka zo da ƙafarmu, Allah ya ba mu abin da muka zo nema, ya mai da mu gida lafiya ko ya zaunar da mu lafiya."

Aka shafa. Na ga Mma tana goge ido da gefen ɗankwali, tana gamawa kuwa ta tafa hannu ta ce to, kuka ya isa, abinci zai huce. Muka tsallaka cikin lambun bakin ruwa, aka shimfiɗa zannuwa a kan ciyawa, aka buɗe kuloli: shinkafa da wake irin na Gana da baƙin yajinsu, dambu, masa, soyayyen nama. Kowa yana miƙo mini nasa. Ana ta kirana Malama daga kowane gefe, wannan yana so in zo in kai 'yan masallacinsu, waccan tana tambaya ko zan yi wa 'yan makarantar Islamiyyarsu.

Ina cikin cin masa sai na ji an taɓa kafaɗata. Wata Baturiya ce da mijinta da wasu mutum biyu, da kyamarori a wuya. Ta ce su yi haƙuri da katse mini cin abinci. Tun daga gaban ginin suke biye da mu, ba su ji ko kalma ɗaya ba, amma sun ga mutane suna dariya, sun ga suna gardama, sun ga sun yi addu'a, kuma suna so su san abin da aka faɗa. Ko ina yin irinsa da Turanci?

Na waiga ina neman Madam Loreta, don a ganina wannan hurumin nata ne. Tana can kan benci, Mma ta cika mata faranti, idanunta sun yi ja saboda yaji, tana fifita bakinta da hannu. Ta ga mutanen, ta ga ina kallonta, ta ɗaga cokali ta nuna ni da shi, ta koma kan abincinta.

Na sha ruwa, na goge hannuna, na gyara mayafi. Na ce musu ina yi, kuma yanzu ma za mu iya farawa, amma su matso kusa da ni sosai, don motocin wurin nan ba sa barin a ji magana.